Ƙuna a Wurin Sana'a: Abin da Za a Yi Daga Minti na Farko Har Ciwo Ya Warke

Tambayar da masu sana'a suka fi yi a kan ƙuna guda ɗaya ce, ko daga mai walda ta fito ko daga mai tuyar ƙosai: "Me zan shafa?" Amsar ita ce, a minti 20 na farko ba a shafa komai, ruwa ake zubawa. Sai dai kafin a kai ga ruwan akwai abin da ake fara yi, kuma ya danganta da irin sana'ar. Hanyar da za ka ceci mai shayin da tafasasshen ruwa ya kwararo wa, in ka bi ta wurin ceton wanda lantarki ya ja, gawa biyu za a ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Ga yadda ake bi, daki-daki.

1. Tanadi tun ba a ƙone ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wurin da ake aiki da wuta, ko mai, ko lantarki, ko sinadari, a ajiye waɗannan a inda kowane yaron shago ya sani: jarka biyu masu cin lita 25 cike da ruwa mai tsabta, buta, almakashi mai kaifi, ledar naɗe abinci sabuwa, bandeji, zanen auduga wankakke a cikin leda, bargo mai kauri wanda ba na roba ba, bokitin yashi, da farasitamol. Gareji, gidan burodi, shagon gas da wurin sayar da fetur su ƙara da tukunyar kashe gobara mai hoda, a kuma riƙa duba allurar jikinta, in ta bar kan kore a kai a sake cika ta. 

Gargaɗi: ruwan jarkar nan ba na alwala ba ne, ba na wanke hannu ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye jarka, ranar da ake nemanta a tarar babu komai ciki.

Sutura ma tana cikin tanadi. Rigar ƙwallo da hijabin roba narkewa suke yi su manne a fata, auduga kuwa ba ta haka. Hajiya mai tuya, ki ɗaure mayafi ta baya, kada ki bar gefensa yana lilo a bakin murhu. Wanda yake da farfaɗiya kuma, kada a bar masa kasko ko tanda shi kaɗai.

2. Raba mutum da abin da ke ƙona shi

Wuta ta kama tufafi. Wannan ya fi samun 'yan bumburutu, kanikawan da ke wanke inji da fetur, da mai zuba wa janareto mai alhali yana aiki ko bai huce ba. Mutum zai zura da gudu, gudun kuma ƙara rura wutar yake yi. Ka kayar da shi ƙasa, ka lulluɓe shi da bargo ka fara daga kafaɗa zuwa ƙasa don harshen wutar ya bar fuska, ko ya yi ta birgima, sannan a kwara masa ruwa. Idan kuwa tanka ce ta faɗi tana tsiyaya, aikinka kawai ka yi nisa ka kori mutane. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu, ya isa shaida.

Man tuya ya kama wuta. Kashe gas ko a janye itace, a kife faifan ƙarfe a kan kaskon, a bar shi ya huce. Gargaɗi: ko ɗigon ruwa kada a zuba. Man da ake soya ƙosai ko awara zafinsa yakan kai digiri 180, ruwa kuwa a 100 yake tafasa, saboda haka yana shiga sai ya koma tururi nan take ya watso man mai ci da wuta a fuskar na kusa. Kada kuma a ɗauki kaskon a ce za a fita da shi waje. A hanya yake zuba, a kan ƙafar mai ɗauka ko a kan yaron da ke tsaye.

Lantarki. Kada ka taɓa shi. Kashe babban makunni, ko ka zare fis, ko ka kashe janareto. A gidan da ke da sola a tuna cewa ɗauke wutar NEPA bai kashe inbata da batura ba. In makunnin ya yi nisa kuma wutar gida ce, ka taka busasshen katako ka ture wayar da busasshiyar sanda. Gargaɗi: wannan dabarar ba ta aiki a kan manyan wayoyin falwaya masu ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, waɗanda masu kafa rodi da masu rufin kwano sukan zunguro. Irin wannan wutar tana tsallakowa ba sai an taɓa ba, tana kuma bin ƙasa. A ja baya sosai, a kira kamfanin wuta su kashe layin. Bayan an raba shi da wutar, numfashi ake fara dubawa kafin ciwo. In ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har a samu ma'aikacin lafiya.

Sinadari. Masu gyaran batir, masu haɗa sabulu da soda, masu rini, ma'aikatan jima a Sharaɗa da Challawa, duk suna nan. Ka sa safar roba kafin ka taɓa shi. In gari ne, kamar soda ko farar ƙasa ko siminti, a kakkaɓe shi da busasshen tsumma tukuna, domin ruwa kaɗan a kan garin ƙara masa ƙarfi yake yi. A yanke rigar da almakashi, kada a cire ta ta kai har ta shafi ido.

Siminti sai an yi maganarsa daban, domin shi ne mai yaudara. Leburan da ya wuni yana taka kwaɓi ranar zuba kankaren rufin gini ba zai ji zafin komai ba. Sai da daddare ya cire takalmi ya ga fatar idon sawu ta yi fari ta saɓule, wani lokaci har gwiwa in ya durƙusa a ciki. Ɗanyen siminti yana cin fata a hankali, kuma wanda ya shiga cikin takalmi ya fi wanda ya zuba a waje illa. Da zarar ya shiga, a tsaya a cire a wanke, ko da oga zai yi faɗa.

Kwalta da narkakken ƙarfe. In kwalta mai zafi ta manne wa mai aikin titi, a sanyaya ta da ruwa a bar ta a wurin, asibiti za su cire. Ɓamɓare ta da fata take tahowa, wanke ta da fetur ko kananzir kuwa ƙuna ce a kan ƙuna. Masu zubin tukwane su sani sanholo a digiri 660 yake narkewa, kuma in ƙasar zubin tana da danshi fiye da kima, ko an jefa jiƙaƙƙen ƙarfe a tukunya, tsartuwa yake yi.

3. Ruwa, minti 20 cur

Wannan ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi yi wa ha'inci. Mutane sukan watsa kofi biyu su ce an sanyaya. Fatar da ta ƙone kamar tukunyar tuwon da aka sauke take, ta bar wuta amma cikinta na ci gaba da dahuwa. Ruwan da ke gudana a kai shi ke janye zafin, ya rage zurfin ciwon, kuma sau da yawa shi ke raba ƙunar da za ta warke da kanta da wadda za ta kai ga dashen fata.

A duba agogon waya. Ruwan famfo ko na randa ya wadatar. In babu famfo, mutum ɗaya ya riƙa tsiyayawa da buta a hankali, wani yana cika masa. Lita ɗaya a minti lita 20 ke nan, shi ya sa aka ce jarka. In fiya wata kawai ke akwai, leda 20 lita 10 ce, ka ga buhu biyu ake nema. Hannu ko ƙafa ana iya tsoma su a bokiti, a riƙa canza ruwan in ya yi ɗumi. Ko an makara, in dai ba a wuce awa 3 ba, a zuba, yana da amfani.

Ga sinadari, minti 20 shi ne mafi ƙanƙanta. Soda da siminti suna iya kai awa guda ana wankewa. A karkata jikin yadda ruwan wankin ba zai bi ta lafiyayyar fata ba. In ido ya shiga, a kwantar da shi ta ɓangaren idon da ya samu matsala, a buɗe fatar idon da yatsu ko yana ihu, a tsiyaya daga gefen hanci zuwa waje na aƙalla rabin awa, a ci gaba a cikin mota. Gargaɗi: kada a ce za a kashe ruwan batir da kanwa, ko soda da lemon tsami. Haɗuwarsu zafi take haifarwa.

Gargaɗi: ban da ƙanƙara da ruwan firji mai tsananin sanyi, suna tsuke jijiyoyin jini su ƙarasa kashe fatar. Idan kuma ƙunar ta ci wuri mai faɗi, musamman da hunturu ko a jikin ƙaramin yaro, a sanyaya ciwon amma a lulluɓe sauran jikin. In ya fara makyarkyata a dakata.

4. Cire abin da zai shaƙe

Ana cikin zuba ruwa wani ya zare zobe, agogo, awarwaro, bel, guru da takalmi. Kumburi yana zuwa da wuri, zoben da zai fita yanzu da sauƙi bayan awa guda sai an yanka shi. Tufafin da ya sha tafasasshen ruwa a cire nan take. Wanda ya manne a ciwo kuwa a yanke kewayensa a bar shi.

5. Rufe ciwon

A shimfiɗa ledar naɗe abinci a kai, falle-falle, bayan an yar da zagayen farko na ledar. Ba ta manne wa ciwo, tana rage raɗaɗi saboda ta tare iska, kuma likita yana ganin ciwon ta cikinta. Hannu ana iya zura shi a sabuwar farar leda. In babu, a sa wankakken zanen auduga. Gargaɗi: shimfiɗawa ake yi, ba a naɗe hannu ko ƙafa tam, kuma ba a sa leda a fuska.

Ga jerin abin da ake gani a kan ƙuna idan an kawo mutum asibiti: makilin, ɗanyen ƙwai, manja, man shanu, baƙin mai, gishiri, toka, kullun koko, kashin shanu. Babu ɗaya da ke warkarwa. Masu maiƙo riƙe zafi suke yi, ƙwai da kashin shanu ƙwayoyin cuta suke kawowa har da tetanus, kuma duk sai an kankare su kafin a fara magani, kankarewar da ta fi ƙunar ciwo. Maganin nan mai launin shuɗi da ake kira GV ma a dakata da shi, yana rufe launin ciwon har likita ya kasa gane zurfinsa. Audugar kemis kuma zarenta yana shigewa ciki. Inda ta ɗuri ruwa kada a fasa da allura ko reza, wannan fatar ita ce bandejin da jiki ya yi wa kansa.

6. Gida ko asibiti?

Abu biyu ake dubawa, faɗi da zurfi. Tafin hannun wanda ya ƙone, haɗe da yatsunsa, kimanin kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Ga babba, hannu guda daga kafaɗa kashi 9 ne, ƙafa guda daga cinya 18, ƙirji da ciki 18, baya 18. Da zarar ƙuna ta haura kashi 15 a babba, ko 10 a yaro, ruwan jiki yana tsiyayewa ta ciwon har ƙoda ta iya tsayawa, dole sai an yi ƙarin ruwa cikin gaggawa.

Zurfi hawa uku ne. Ta sama-sama tana raɗaɗi, ba ta ɗurar ruwa, takan warke cikin mako. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu. Ta tsakiya tana yin bororo, ƙarƙashinta ja ne mai danshi, zafinta ba a magana. Ta uku fara ce fat ko baƙa, busasshiya, da tauri in an taɓa. Gargaɗi: ita wannan ba ta ciwo, saboda jijiyoyin da ke jin zafin sun mutu. Maƙeri ya ce maka "ai ko zafi ba na ji", to shi ya fi kowa bukatar likita. Salansar babur ma takan yi irin wannan a ƙwauri, ƙarama a ido amma mai zurfi.

A tafi asibiti ba tare da shawara ba idan ƙunar ta fi tafin hannu, ko tana fuska, wuya, hannu, tafin ƙafa, al'aura ko kan gaɓa, ko ta zagaye hannu ko ƙafa ko ƙirji. Haka duk ƙunar sinadari, da ta yaro, tsoho, mai ciki ko mai ciwon suga. Ƙunar lantarki kuwa ko ɗigo biyu ka gani, ɗaya a hannu ɗaya a ƙafa, wutar ta ratsa tsakaninsu ta dafa tsoka a ciki, tana kuma iya rikita bugun zuciya. Fitsari ya koma kalar shayi alama ce ƙoda tana cikin haɗari. Wanda gobara ta ritsa da shi a rufaffen ɗaki, ka duba gashin hancinsa ko ya babbake, ko akwai baƙi a bakinsa, ko muryarsa ta dushe. Maƙogwaro yana iya kumbura ya toshe bayan wasu awanni, ko da yanzu yana hira.

7. A hanya

A Nijeriya lambar gaggawa 112 ce, a Nijar 'yan kwana-kwana suna kan 18, amma in akwai mota a kusa kada a zauna jira. A ɗaga hannu ko ƙafar da ta ƙone sama. Wanda ya ƙone a fuska a zaunar da shi, kada ya kwanta. In ya faɗo daga tsani ko falwaya, a ɗauke shi a kan allo ba tare da lanƙwasa wuyansa ba. A ba shi farasitamol. In tafiyar da nisa kuma yana cikin hayyacinsa ba ya amai, ya riƙa kurɓar ruwan gishiri da suga: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙe lokacin da abin ya faru, domin daga wannan lokacin ake lissafin ruwan da za a ƙara masa, rabinsa a awa 8 na farko. A tafi da mazubin sinadarin ko hotonsa.

Asibiti mafi kusa ake fara zuwa don ƙarin ruwa da allurar tetanus, daga nan a nemi takardar turawa. Manyan ƙuna wurin likitocin gyaran fata ake kai su, irin na Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Kuɗin jinyar ƙuna ba a rana ɗaya yake fita ba. Wankin ciwo ne ke cinye shi, yau da gobe har makonni, sai magunguna, jini da tiyata in ta kama, ga shago a rufe. Dangi da ƙungiyar sana'a su san da haka tun ranar farko, don kada a sallami kai a tsakiyar magani.

8. Jinyar ƙaramar ƙuna

A wanke hannu da sabulu, a wanke ciwon da ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗora bandeji mai baselin wanda ba ya mannewa, a rufe da busasshe. A canza kullum ko bayan kwana biyu, ko duk sanda ya jiƙe. In ya manne a jiƙa shi ya saki da kansa. Man ƙuna irin Dermazin sai ma'aikacin lafiya ya ce a sa, kuma ba a sa shi a fuska, ko ga mai ciki da ta kusa haihuwa, ko jariri. Kafso da ake buɗewa a barbaɗa a ciwo, a daina.

Gargaɗi: mugunya, wari, zazzaɓi, kumburi mai yaɗuwa, ko zafin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu, duk na asibiti ne. Haka ciwon da ya yi mako 2 bai kama hanyar rufewa ba.

Ƙwan da aka hana shafawa, yanzu ne lokacinsa, a dafa a ci. Jiki yana bukatar wake, nono, kifi da nama don ya gina sabuwar fata. Yatsu a naɗe kowanne daban, a kuma riƙa motsa su kullum ko da zafi. Mai ƙuna yakan ƙudundune gaɓa don ya ji sauƙi, a haka fatar take warkewa a tsuke, tela ko kafinta ya wayi gari yatsunsa ba sa miƙewa. Masu gashin ƙashi a asibiti suna da karan ɗori da motsa jiki na hana wannan. Bayan ciwo ya rufe sarai, man kaɗanya yana rage ƙaiƙayi da bushewa, a kuma kare tabon daga rana.

9. Idon mai walda

Ita ma ƙuna ce, hasken walda ne ke ƙona saman ƙwayar ido. Ba ta nunawa sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa cikin dare take tayar da mutum, ido kamar an zuba yashi, hawaye na zuba. A zauna a duhu, a ɗora tsumma mai sanyi a kan rufaffen ido, a sha farasitamol, kada a murza. Takan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. In ta wuce haka, ko gani ya ragu, ko ana zaton ɓurɓushin ƙarfe ya shiga, sai asibitin ido. Gargaɗi: ban da ɗiga madara, ruwan albasa ko ruwan suga, ban da kuma maganin ɗigawa mai kashe zafi da wasu ke ajiyewa a aljihu, yana hana idon warkewa. Baƙin tabarau na kasuwa ba gilashin walda ba ne, kuma yaron da ke riƙe maka ƙarfe shi ma yana bukatar nasa.

10. Toshe ƙofar da ta shigo

Bayan an natsu, maigida ya tara yara a duba yadda aka yi. Yawanci abin sananne ne. An buɗe murfin lagireto mota na tafasa, maimakon a jira ta huce. An ɗora walda a tankin mai ko duro don an ga babu komai ciki, alhali tururin da ya rage shi ke fashewa. An gwada yoyon gas da ashana maimakon kumfar sabulu, ko an kunna fitila a ɗakin da ke warin gas, wanda ya fi iska nauyi yake kwanciya a ƙasa. An zuba ruwa a kan soda ko asid, alhali su ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan. An sayi kananzir da aka gauraya da fetur.

11. Rahoto da diyya

A Nijeriya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ba a cire shi daga albashin ma'aikaci. Daga nan ake biyan kuɗin magani da diyyar nakasa ko mutuwa. Ma'aikaci ko danginsa su sanar da wurin aiki cikin kwana 14, wurin aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. A Nijar, asusun CNSS ne ke kula da haɗarin aiki ga ma'aikatan da aka yi wa rajista. Gargaɗi: sanarwar baki ba ta isa ba, a rubuta a riƙe kwafi. A ɗauki hoton ciwon da wurin da abin ya faru, a rubuta sunayen waɗanda suka gani, a adana katin asibiti da kowane rasit, har na kemis. Yaron gareji ko na gidan burodi da ba shi da takardar ɗaukar aiki, a zauna da maigidansa gaban shugabannin ƙungiyar sana'ar tun a makon farko, a rubuta wanda zai ɗauki kuɗin magani da abin da za a riƙa ba shi har ya koma aiki, kowa ya sa hannu.